Malam Edita, ba kowane hoto mai rawa ne ya lalace ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikata, ya aiki ya ƙoƙari. Na daɗe ina karanta jaridar nan amma ban taɓa rubuto muku komai ba sai yau, kuma abinda ya taso ni shine wani ɗan rubutu da kuka fitar kwanakin baya kan yadda ake ɗaukar hoto da daddare. Shawarwarin marubucin da yawa daidai ne, ban raina ba wallahi, sai dai akwai guda ɗaya da ta tsaya min a rai, inda yake cewa mutum ya riƙe kyamara ƙam kar ya motsa, kuma duk hoton da hannu ya yi rawa a cikinsa a goge shi kawai don ya lalace. Toh ni a nan ne nake da ja, saboda hotunan da nafi alfahari dasu a duk abinda na taɓa ɗauka, da gangan na girgiza kyamarar.

Ni ba mai hoto bane na sana'a, sha'awa ce kawai, inada wata tsohuwar kyamara da ƙaramin lens ɗinta mai zum 18 zuwa 55 wanda ake saidasu tare. Wata shekara a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, lokacin da ake liƙa ƙananan fitilun ado kala kala a jikin bishiyoyi da gine gine saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, na fita da dare ina son in ɗauki wata bishiya da aka naɗe da su tun daga gindi har sama. Ban zo da sanda mai ƙafa uku ba, na jingina da bango ina ɗauke numfashi kamar mai harbi, na danna kenan sai wani yaro da ya taho a guje ya bangaji gwiwar hannuna. Raina ya ɓaci, na duba sikirin don in goge, sai naga wani abu da ban taɓa gani ba, kowace fitila ta zama zare, ja da kore da shuɗi da ruwan zinare duk sun karkata gefe guda sun lanƙwasa a ƙarshe kamar an ja su da alƙalami ɗaya. Bishiyar babu ita, amma abinda ya fito yafi bishiyar kyau nesa ba kusa ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama kenan. Ranar sai da batir ya ƙare ina ta kaɗa hannu a gaban bishiya, masu wucewa na kallona suna zaton ko wani abu ya taɓa ni.

Daga baya ne na gane ashe abin yana da suna a wajen masu hoto, ICM suke cewa a taƙaice, ma'anarsa dai motsa kyamara da gangan a lokacin da shota take buɗe, wato ɗan murfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara in ka danna. Kuma ba sabon abu bane. Akwai wani mai hoto ɗan asalin Ostiriya, Ernst Haas, wanda tun a shekarun 1950 yake barin shota a buɗe yana bin motsi da kyamararsa, hotunansa na wasan faɗa da bijimi a Sifen a 1956 zakaga mutum da bijimi da mayafi duk sun narke sun shiga juna, ba kaifi ko kaɗan amma kana gani kasan gudu ake, kasan akwai haɗari. Wannan mutumin a 1962 babban gidan adana zane-zanen zamani na New York ya shirya masa baje kolin hotunansa masu kala shi kaɗai. Kuma shi da fim yake aiki fa, sai an wanke sannan yaga abinda ya yi, mu kuwa yanzu kana dannawa kana gani, in bai yi ba ka sake, babu ko asarar komai sai batir.

Ni a ganina wannan tsoron motsi da muke dashi gado ne kawai. A farkon zamanin hoto sai an bar kyamara a buɗe na mintuna, shi yasa a hoton da Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka na wani babban titi a Paris a 1838 titin ya fito fayau kamar ba kowa, alhali cike yake da mutane da kekunan doki, duk mai tafiya ya ɓace, sai wani bawan Allah da ya tsaya ana goge masa takalmi shine ya fito. Masu ɗaukar hoton mutane a wancan lokacin har ƙarfe suke kafawa a bayan wuyan mutum don kar kansa ya motsa. Toh daga nan muka taso da "tsaya cak kar ka motsa", kuma hakan daidai ne in hoton fasfo zaka ɗauka ko hoton da za'a gane fuska. Amma ita kalmar fotogirafi kanta daga Girkanci aka samo ta, kuma ma'anarta zane da haske. Mai zane kuwa ai sai ya motsa hannu.

Bari in ɗan yi bayanin yadda ake yi saboda masu son gwadawa, don nasan akwai matasa da yawa masu karanta shafin nan da ke da kyamara ko waya mai kyau. Ka maida kyamara kan M, wato kai zaka saita komai da kanka. ISO, wato ƙarfin yadda kyamara ke karɓar haske, ka sauke shi ƙasa, 100 ko 200. Ƙofar lens, wato ramin da haske ke bi ya shiga, ka matse ta zuwa f/8 ko f/11, in fitilun sunada ƙarfi sosai har f/16, don lambar na ƙaruwa ƙofar na ƙara matsewa. Shota kuma ka fara da rabin sakan zuwa sakan biyu. Fokas ka saita shi da hannu tun kafin ka fara, don a cikin duhu kyamara sai tayi ta laluben inda zata kama tana ɓata maka lokaci. Sannan in lens ɗinka ko kyamararka nada na'urar hana girgiza ka kashe ta, in ba haka ba kai kana ja ita tana ja, sai kaga farkon layin ya fito da wani ɗan karkace da ba kai ka saka ba. Kuma dan Allah ka rataya igiyar a wuya ko ka naɗe ta a hannu, na taɓa ganin wanda ya cika zumuɗi wajen kaɗawa kyamara ta suɓuce masa, Allah ya taimaka kan ciyawa ta faɗa. Akwai ma masu jefa kyamarar sama da gangan tana juyawa su cafe, hotunan na fitowa da kyau gaskiya, amma ni dai ba da tawa ba.

Abinda ya ɗauke ni lokaci kafin in gane, kuma shine nake ganin yafi komai amfani a wasiƙar nan, shine tsawon lokacin shota bashi ne ke sa layin haske yayi ƙarfi ko ya dushe ba. Shi lokaci tsawon layin yake ƙarawa, kuma yana ƙara hasken bayan hoton, wato sama da bango da sauransu. Ƙarfin layin kansa yana wajen abu uku, ƙofar lens, ISO, da saurin hannunka. In ka ja a hankali haske na daɗewa a wuri ɗaya, layi ya fito da kauri da ƙarfi, in ka fizga da sauri sai ya fito siriri kamar gashi, in kuwa ka tsaya a tsakiya to nan wajen zai ƙone ya zama farin dunƙule, kalar ta gudu. Da farko in naga hotona yayi fari fat sai in rage lokacin shota, sai layukan su gajarce amma har yanzu a ƙone, ina ta mamaki, ashe ƙofar ya kamata in matse ko in ƙara sauri. Jan fitila musamman saurin ƙonewa gareta, kafin kace me ta koma ruwan lemo ko ɗorawa, don haka gara hoton ya ɗan yi duhu ka ɗaga shi daga baya wajen editin, da ya ƙone ka rasa yadda zakayi dashi. In kyamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da yafi karɓar gyara, ka saka, zaka gode min.

Shi kuma motsin iri iri ne, kowa da hannunsa. Zaka iya ja daga ƙasa zuwa sama fitilu su zama kamar ruwan sama mai kala, zaka iya ja gefe, zaka iya yin zigizag ko ka zana da'ira ƙanana. In ka juya kyamarar kanta kamar sitiyarin mota sai komai ya zagaye tsakiyar hoton, abinda ke tsakiya ya kusa tsayawa cak na gefe kuma su zama zobe a cikin zobe. Wanda yara suka fi so shine na zum, ka tsaida kyamara ka murɗa zum daga 18 zuwa 55 ko akasin haka shota na buɗe, sai fitilun su tarwatso daga tsakiya kamar zasu faɗo maka a fuska. Ka tuna kuma hasken kishiyar hannunka yake bi, in ka ɗaga kyamara sama layukan ƙasa zasu gangara, shi yasa in kana son rubuta wani harafi da fitila guda sai ka juya tunaninka, ni har yau harafin farko na sunana a birkice yake fito min. Kuma in ka zumo nesa ɗan motsi kaɗan ma ya isa, don dogon lens ninka girgiza yake, in ka buɗe lens ya faɗaɗa kuma sai ka kaɗa hannu sosai kafin kaga wani abu.

Wata dabara da nake so ita ce ka saka sakan biyu, ka tsaya cak na kamar rabin sakan, sannan ka ja. Sai siffar bishiyar ko ginin ta zauna a hoton a gane ko menene, sannan zaren haske ya fita daga jikinta. Haka kuma in ka gurɓata fokas da gangan, layukan siriri sai su koma faffaɗan ƙyalle mai laushi suna hawa kan juna kala na cakuɗa da kala. In akwai mutum da kake son ya fito a ciki sai ka kunna filasha tare da doguwar shota, filasha zata daskarar da fuskarsa don walƙiyarta bata kai ƙiftawar ido ba, fitilun bayansa kuma suci gaba da rawa. Na yiwa ɗiyar ƙanwata irin wannan, tana tsaye tana dariya haske ya zagaye kanta, uwarta har yau bata yarda ba da Photoshop na haɗa ba.

Akwai kuma wani abin mamaki da na ci karo dashi wanda nasan duk mai gwadawa zai gani ya ɗauka kyamararsa ce ta samu matsala. Wasu fitilun layinsu na fitowa a miƙe sumul, wasu kuma sai su fito ɗigo ɗigo kamar ɗinkin keke. Na kwana biyu ina zargin kyamarata. Ashe daga fitilun ne. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki zafi ne ke sa shi haske, kuma zaren baya samun damar hucewa tsakanin bugun wuta da bugun wuta, shi yasa layinsa baya yankewa. Su kuwa LED na yanzu da yawansu kunnawa suke suna mutuwa da saurin da ido baya kamawa. Wutar lantarki a ƙasashe da yawa sau 50 take juyawa a sakan, a wasu kamar Amurka sau 60, toh igiyar fitilun da aka haɗa da sauƙin kaya tana ƙiftawa sau 50 ko 60 ɗin nan a sakan, wadda aka ɗan gyara kuma ninki biyu, 100 ko 120. Na zauna na ƙirga ɗigon layi ɗaya a wani hoto da na ɗauka a rabin sakan na samu 25, na ninka biyu, 50 cif. Wallahi ranar ji nayi kamar ni na gano wutar lantarkin. Kaga kenan hoton da ake cewa a goge ya nuna min abinda idona ya shekara yana kallo bai gani ba, kuma hoton da aka ɗauka a tsaye cak bazai taɓa nuna maka wannan ba. Yanzu in na isa waje har neman masu ɗigon nake, in haɗasu da masu layi sumul a hoto ɗaya.

Tunda na taɓo fitilun, su ma sunada nasu tarihin. A watan Disamba na 1882 ne wani abokin aikin Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan na Amurka, mai suna Edward Johnson ya ƙawata bishiyar Kirsimeti a gidansa a New York da ƙwayayen lantarki guda 80, ja da fari da shuɗi, kuma abin dariyar bishiyar tasa a kan wani abu mai juyawa ya ɗora ta, kaga tun ranar farko fitilun nan da motsi aka san su. Shi kuma wannan shuɗin mai tsananin kyau da muke gani a fitilun yanzu, wanda yafi kowace kala fitowa a irin hotunan nan, sai a farkon shekarun 1990 aka iya yin LED mai shi da ƙarfi, kuma a kansa ne masana uku daga Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014.

Masu waya kar suce an barsu a baya. Wayoyin Android da yawa sunada wani sashe a kyamara da ake kira Pro, a nan zaka iya saita ISO da lokacin shota da kanka. Matsalar waya ɗaya ce, yawancinsu ƙofar lens ɗinsu a buɗe take ba'a matse ta, don haka haske na yi mata yawa da wuri, sai ka sauke ISO zuwa ƙarshe, ka rage lokaci zuwa kwata ko rabin sakan don kar bayan hoton yayi fari, ka ƙara saurin hannu, ko ka nemi inda fitilun basu cika yawa ba. Kar kayi amfani da tsarin ɗaukar dare na waya, wannan an gina shi ne don ya gyara rawar hannu, hotuna da yawa yake ɗauka ya jera su ya goge motsin, kaga kai da shi hannun riga kenan.

Lokacin da nafi so shine bayan faɗuwar rana da ɗan kaɗan, sama bata gama yin baƙi ba tana da sauran shuɗi shuɗi, sai bayan hoton ya fito da launi maimakon baƙi ƙirin. Bai wuce mintuna kaɗan ba wannan lokacin, in ka tsaya hira ya wuce ka. Bayan ruwan sama ma akwai daɗi, don ƙasa mai danshi na maido da hasken sai ka samu ninki biyu. Abu ɗaya da zai baka haushi, in ka matse ƙofa har f/16 ko f/22 duk wata ƙura da ke kan sensa, wato ɗan farantin cikin kyamara da ke kama hoton, zata fito ɓaro ɓaro a inda hoton ke da haske, kuma ita bata motsi da sauran hoton, tana nan daram a wuri ɗaya a kowane hoto.

Yanzu bari in faɗi gaskiya don kar ace na zo talla. Mafi yawan abinda zaka ɗauka shirme ne. In na fita na ɗauki ɗari biyu, da ƙyar in ware biyar da zan nunawa mutane, sauran tarkacen layuka ne kawai da basu cewa komai. Wani dattijo mai hoto da nake girmamawa, wanda ya shekara da shekaru a sana'ar, da na nuna masa cewa yayi "yaro wannan ai wasa ne, ko jariri ka miƙawa kyamara zai yi", na ce masa Baba haka ne zai yi guda ɗaya bisa tsautsayi kamar yadda nima na fara, amma a ce masa ya maimaita mana. Don daga baya zaka fara sanin abinda kake nema tun kafin ka danna, kasan inda zaka fara da inda zaka tsaya, kasan wace kala kake son ta hau kan wace, kabar wani gefen hoton da duhu don ido ya samu wajen hutawa, ka gane cewa fitila goma da aka ja da kyau sun fi dubu da aka hargitsa. Baba dai bai yarda ba, yace shi hoton da ba'a gane abinda aka ɗauka ba bai ga amfaninsa ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi da hoton fuska ya ci abinci duk rayuwarsa. Amma da zan tafi sai da yace in tura masa wancan mai zoben shuɗi da zinare, wai jikarsa ce zata so.

Abinda nake roƙo Malam Edita shine in zaku sake fitar da irin wancan rubutun, a ƙara ko layi biyu ne a faɗawa masu koyo cewa akwai rawar hannu ta kuskure akwai ta ganganci, kuma kafin mutum ya danna gogewa ya ɗan tsaya ya kalli abinda ya fito. In da hali ma ku ware ɗan fili a shafin hotuna a lokacin bukukuwan nan masu karatu su turo nasu, a rubuta setin da kowa yayi amfani dashi a ƙasa don wasu su koya.

Na haɗo muku guda uku tare da wasiƙar nan. Na farko zum ne, sakan ɗaya a f/11, na biyu juyin sitiyari ne a rabin sakan, shine mai ɗigo 25 ɗin ga duk mai son ya ƙirga da kansa, na uku kuma shine na ranar da yaron nan ya bangaje ni, ban taɓa masa komai ba. Dan Allah a faɗawa mai tsara shafi cewa ba fayil ɗin bane ya lalace wajen turowa, haka suke, kuma na ukun a tsaye ake saka shi ba a kwance ba, jan layin ne a ƙasa.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani mai karatu, mai sha'awar ɗaukar hoto